Kwamfutocin hannu 20 ko littattafan rubutu? Neman shawara kan gyaran insha'in ɗalibai

Malama Saratu, Mabera:

Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ina koyar da Hausa a aji 1 da aji 2 na babbar sakandare a wata makaranta a nan cikin garin Sakkwato. Ajujuwa huɗu ne a hannuna, kowanne da ɗalibai kusan 70.

Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara wasu kuɗi, an ce a kashe su wajen gyara rubutun yara, domin kowa ya yarda insha'insu ya lalace. Shawarar da ta rinjaya a zaman farko ita ce a sayi kwamfutocin hannu guda 20, irin masu faɗi kamar allo, tare da wata manhaja da mai tallarta ya ce tana duba insha'i ta ba da maki nan take. An kuma ce a buɗe wa kowane aji zauren WhatsApp, a riƙa ba da jinga a can, yara su turo ta wayoyin iyayensu.

Hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan tsaya a kanta gaban iyaye, kuma ba na son a ce malamar Hausa ce ke gudun zamani. Ga abin da nake gani a littattafan yaran: "xan xo", "qasa", "nagode", "yace", "munka tahi". Wani ya cika shafi guda babu aya ko ɗaya. Wasu kuma kwanan nan suna kawo jinga tsaf-tsaf wadda zuciyata ba ta yarda su suka rubuta ba.

Shin waya ce ta ɓata rubutun nan? Na'urorin da ake son saye za su gyara shi? In ba za su gyara ba, me zan ce a yi da kuɗin? Kuma ta yaya ake gane insha'in da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta? Bayan mako biyu za a sake zama. Allah ya saka da alheri.

Malam Sidi, Kanwuri:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin a je ga abin da za a saya, a raba ciwon tukuna, domin abin da kika lissafa ciwo uku ne, kuma ba magani ɗaya ke yi masu ba.

Na farko ƙa'idojin rubutu ne, wato raba kalma da haɗa ta, da haruffa masu ƙugiya. Wannan ya girmi waya nesa ba kusa ba. Yaro na rubuta "yace" ne don a bakinsa numfashi ɗaya ne, babu wanda ya taɓa tsayar da shi ya nuna masa kalma biyu ce. Ƙa'idojin da suke kayar da yara ba su da yawa. Ana raba "ya ce", "ta zo", "na gode", "mun tafi". Ana haɗa "yana", "suna", "yake", "sukan". Ana haɗa "zan" da "zai", amma a raba "za ta", "za mu", "za su", "za a". Sai tagwayen da ma'ana ke sauyawa: "ta fi" da "tafi", "na sa" da "nasa", "a kan" da "akan". Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka, kare da ƙare.

Maganin wannan shifta ce. Minti 10 a farkon darasi, sau biyu a mako, jimla biyar kacal, kuma ƙa'ida ɗaya tak a mako. Ki tsara jimlolin yadda tagwayen za su haɗu a wuri ɗaya, misali "Rigar da na sa ta fi tasa, shi ya sa ya tafi da nasa kayan." Su yi musayar littattafai, ki rubuta daidai a allo, kowa ya duba na maƙwabcinsa. Wanda ya kuskure ya sake rubuta jimlar gaba ɗaya sau ɗaya. Kada ki sa shi rubuta kalmar sau 20, hannu ne kawai ke aiki a nan, kai ya tafi wani wuri. A zango ɗaya za ki gama ƙa'ida 10, kuma duk mako na huɗu ki maimaita na baya, in ba haka ba za su zube.

Na biyu karin harshe ne. "Munka tahi", "shina zamne", "yac ce", "wanga", "biyat", duk Hausa ce lafiyayya, da ita iyayensu ke magana. Jarrabawa ce ke neman daidaitacciyar Hausa. Kuskuren da malamai ke yi shi ne zagaye su da jan biro kamar an kama ɓarawo. Abin da ke biyo baya, yaro ya ji tsoron bakinsa, ya koma rubuta gajerun jimloli marasa rai don kada a kama shi. Ki sa kowa ya ware shafi biyu na ƙarshen littafinsa, ya ja layi a tsakiya, gefe ɗaya "yadda muke faɗa", ɗaya gefen "yadda ake rubutawa a jarrabawa". Duk wadda ta fito a aji a ƙara ta. A insha'in labari kuwa ki ƙyale su su sa Sakkwatanci a bakin mutanen labarin, da sharaɗin su sa alamar zancen wani. Kin jefi tsuntsu biyu ke nan, domin alamar ma sun koye ta.

Na uku shi ne babba, kuma shi ne shafin nan da babu aya. Yaron bai san inda tunani ɗaya ya ƙare wani ya fara ba. A nan kada ki fara da cikakken insha'i. Mako huɗu na farko sakin layi ɗaya kawai za su riƙa yi, jimla 6 zuwa 8. Ki zaɓi abin da suka sani da idonsu: yadda ake dasa albasa a fadama, yadda majema ke jeme fatar akuya, yadda ake dama fura, yadda unguwarsu ke samun ruwa a watan Afrilu. In kin ce su rubuta a kan "muhimmancin ilimi", abin da suka ji a rediyo za su zubo maki, kowa iri ɗaya. Minti 10 a tattauna da baki, ki jera abubuwan da suka faɗa a allo, kowa ya ɗauki uku. Minti 15 su rubuta a shafin hagu. Sannan kowa ya karanta wa na kusa da shi da murya, a hankali, mai sauraro yana riƙe da fensir: inda mai karatu ya tsaya ya ja numfashi a duba, ko aya ce ko waƙafi. Shafin dama a bar shi fari, nan za a yi zubi na biyu bayan gyara.

Wurin da tsarin ke mutuwa shi ne duba aikin, don haka mu yi lissafi. Ɗalibi 70, minti biyar-biyar, minti 350 ke nan, kusan awa 6 a aji ɗaya. Aji huɗu, awa 23 da ɗoriya a mako. Babu malamin da zai iya, shi ya sa ake ba da insha'i sau biyu a zango a yi masa alamar "na gani". Mafita ita ce ki raba kowane aji uku, kowane mako ki karɓi littattafan kashi ɗaya. Ki duba layi 10 na farko kawai da kyau. Kada ki rubuta gyaran da hannunki, ki sa alama a gefen layin: R in matsalar rabawa ko haɗawa ce, Ƙ in ƙugiya ce, A in aya ce, alamar tambaya in ba ki gane nufinsa ba. Shi zai nemo kuskuren. Minti biyu ya ishi littafi ɗaya, aikin mako ya dawo awa 3 da 'yan mintuna. Kowane yaro idonki zai hau kansa sau ɗaya a mako uku, amma kowa zai yi zubi na biyu kowane mako, kuma makin zubi na biyu ne zai shiga rijista. Ko a makarantar allo ba a wanke allo sai malam ya saurara ya gyara, almajiri ya sake biyawa daidai.

Kuɗin kuwa, ni a ganina: littafin rubutu mai ganye 80 na insha'i kaɗai ga kowane yaro, wanda zai riƙa kwana a makaranta, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo a kowane aji. Abin da ya rage a sayi littattafan karantawa na Hausa, kofi 35 na kowanne don biyu-biyu su haɗu a kan ɗaya. Yaron da bai taɓa ganin sakin layi mai kyau a takarda ba, ba zai ƙago shi da ka ba.

Injiniya Buhari, Gawon Nama:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi. Malama, ni ta ɓangaren na'urorin zan taɓa, don ki samu alƙaluman da za ki aje gaban iyaye.

Fara da lokaci. Na'ura 20, ɗalibi 70, darasi minti 40. Sai an yi layi huɗu kafin kowa ya taɓa. Cire minti 8 na rabawa, kunnawa, neman kalmar sirri da tattarawa, kowane yaro ya samu minti 8. Wanda bai saba bugu a gilashi ba, in ya yi kalma 10 a minti ya yi ƙoƙari. Kalma 80 ke nan, sauran lokacin yana zaune yana kallon wani. Da biro duk su 70 suna rubutu lokaci ɗaya.

Sai wuta. Batirin irin waɗannan na'urori yana tsakanin 5,000 zuwa 7,000 mAh (ma'aunin cajin da batiri ke ɗauka), wato kamar wat-awa 20 zuwa 27 na wuta. Guda 20 kusan wat-awa 500, in an haɗa da asarar caja da inbata a ce 700 a rana. Faifan sola ɗaya mai wat 300 zai iya ɗauka, amma sai da batirin ajiya, da na'urar daidaita caji, da wanda zai riƙa goge faifan, musamman lokacin hunturu da ƙura ke rufe shi cikin kwana biyu. Ki duba takardar mai tallar, galibi ba a sa waɗannan a farashi. Zafi kuma shi ne babban makashinsu a nan. Batirin litiyam ba a so a yi masa caji in ya haura digiri 45. A Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40 a Sakkwato, balle ofis mai rufin kwano da aka kulle, an tara na'ura 20 a kwali ɗaya suna caji. Batir ya kumbura, ya turo gilashi, shi ke nan. Bayansa sai bakin caji, shi ke fara sakwarkwacewa saboda yara na cusa waya da ƙarfi. Ki tambayi mai tallar abu huɗu a rubuce: in gilashi ya fashe wa zai canza kuma a ina, akwai kayan gyaransu a kasuwar waya ta nan garin ko sai an aika Kano ko Legas, manhajar tana aiki babu intanet, kuma nawa ne kuɗin sabunta ta a shekara ta biyu. Wannan na ƙarshe shi ke kashe irin waɗannan shirye-shirye, domin kuɗin saye ake tarawa, babu mai tuna na sabuntawa. Maganar intanet ma ba wasa ba ce. A 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda tsaro. Tsarin da ba ya motsi sai da sabis, ranar da babu sabis ya tsaya.

An gwada wannan a wurare da kuɗin da ya fi namu. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta da aka ƙaddamar a 2005, wanda aka yi ta kira kwamfutar dala 100, har a Abuja an gwada shi a wata firamare a 2007. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika makarantu 319 ya fitar da sakamako a 2012, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya ce ingantacciyar hujja kan amfanin waɗannan kayayyaki ta yi ƙaranci, kuma da yawa daga cikin wadda ake da ita daga masu sayar da kayan take fitowa.

Gwaji ɗaya zai raba gardama a gaban iyaye. Ki rubuta sakin layi biyu da hannunki. Na farko Hausa mai kyau a kan abin da aka tambaya, amma da kuskuren ƙa'ida biyar da kika sa da gangan, irin "ya bata littafi" a wurin da ake nufin "ya ba ta littafi", da "zata" a wurin "za ta". Na biyu mai tsabtar ƙa'ida, dogayen kalmomi, amma bai taɓa tambayar ba ko kaɗan. Ki ce mai tallar ya saka su a manhajar a nan take, kowa na kallo. In ta kasa kama biyar ɗin, ko ta ba na biyu maki mai yawa, magana ta ƙare.

Game da "qasa", akwai dalili na fasaha. Saƙon tes harafi 160 yake ɗauka. Da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, sai tsarin ya sauya, saƙon ya koma harafi 70, kuɗinka ya ninka. Wayoyin da suka shigo bayan 2001 ma yawancinsu ba su da haruffan. Mutane suka nemi dabara, q ta tsaya wa ƙ, aka yanke wasula. Yanzu dalilin ya gushe amma sabon ya zauna. Gyaransa minti biyu ne: a Gboard, wato manhajar madannai ta waya, a shiga saituna, a ƙara harshen Hausa, in an danna k ko d ko b aka riƙe, mai ƙugiyar za ta fito. A manhajar rubutu ta Word a kwamfuta kuma a buga 0199 a danna Alt da X tare, ƙ ta fito. Ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Ki guji tsofaffin salon haruffan nan da ake ɗora wa kwamfuta, su ne ke sa in an kai takardar jarrabawa wani shago a buga sai a ga "}asa" da "]aya".

Dakta Kulu, Runjin Sambo:

Baba Malam, a gafarce ni, akwai wuri ɗaya da nake ganin an sassauta wa waya. Gaskiya ne "yace" ya girme ta, kuma "lfy" da "ngd" ba su dame ni ba, yaro na iya koyon cewa zaure daban takardar jarrabawa daban, kamar yadda ya san yadda zai gaida abokinsa da yadda zai gaida kakansa. Abin da ya fi su illa saƙon murya ne. A da ko gajeren saƙo ne sai ka tsaya ka zaɓi kalma. Yanzu duk maganar da ta wuce layi biyu sai a danna a yi ta da baki, a yi ta zagaye, "kin gane ko, wato dai", mai sauraro ya cike gurbin da kansa. Rubutu kuwa aikinsa yi wa wanda ba ya nan bayani, wanda ba zai iya katse ka ya ce me kake nufi ba. Yaran nan sun rasa wurin da suke gwada wannan a rayuwarsu ta yau da kullum. Shafin da babu aya, ƙanwata, ki karanta shi da murya ki ji, saƙon murya ne aka zuba a takarda.

Don haka akwai motsa jiki ɗaya da zan ƙara a kan tsarin Baba Malam. Ki sa ɗalibi ɗaya ya yi bayani da baki na minti ɗaya, misali hanyar zuwa Hubbare daga ƙofar makarantarku. Kowa ya rubuta abin da ya ji kamar yadda aka faɗa. Sannan a ce su mayar da shi jimla biyar da baƙon da bai san garin ba zai bi ya isa. Nan za su ga "can wajen", "ka dai gane wurin" ba su kai kowa ko'ina. A mako na gaba a juya, a ba su wasiƙar neman izini ga shugaban makaranta.

Zauren WhatsApp na jinga kuwa, ina ba ki shawara ki ƙi shi. Wayar ta uba ce ko ta yaya, tana dawowa gida da dare, wasu gidajen babu babbar waya sam, kuma yawanci 'yan mata ne za su zo ƙarshe a layin aro. Wanda ya fara turowa, sauran sun samu abin kwafa. Ke kuma lambarki ta shiga hannun mutum 280, saƙo har tsakar dare. In dole sai an yi zaure, ya zama na iyaye, ke da shugaban makaranta kaɗai ke iya tura saƙo, sanarwa kawai.

Kan ƙirƙirarriyar basira: kada ki yarda a sayar maku da manhajar ganowa. Kamfanin OpenAI da ya fitar da ChatGPT a Nuwamban 2022 ya saki tasa manhajar ganowar a Janairun 2023, ya janye ta a Yuli na shekarar saboda ba ta cika faɗar daidai ba. Wani bincike na Jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin insha'in waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne a matsayin aikin na'ura, alhali mutane suka rubuta. Da Turanci ke nan. Yaron kirki za ki zarga a banza.

Idonki ya fi su. Hausar na'ura tana da alamu: ƙa'ida tsaf amma ginin jimlar na Turanci, kalmomi irin "yana taka muhimmiyar rawa" a kowane sakin layi, babu sunan unguwa ko kasuwa ko mutum, babu Sakkwatanci ko ɗigo daga yaron da kika san bakinsa, wani lokacin karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa jin ta. Amma alama ba hujja ba ce, kada ki yanke hukunci da ita. Ki kira yaron, ki rufe takardar, ki ce ya faɗa maki abu ukun da ya kawo, ki ɗauki kalma biyu masu nauyi ki tambayi ma'anarsu, ki ce ya sake rubuta sakin layi na biyu a gabanki cikin minti 10. Wanda ya rubuta da kansa zai yi ko da ba kalma-kalma ba. Mafi sauƙi dai shi ne abin da Baba Malam ya faɗa, zubin farko a aji, littafi ya kwana a akwati. Aikin gida ya zama tattaro bayani: ya tambayi mahaifiyarsa matakan yin wani abinci, ko wani dattijo yadda unguwar ta samo sunanta, ya zo da abubuwa biyar a rubuce.

Ga kuma abin da za ki gaya wa iyayen da ke kallon jarrabawa. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, amma zaɓi-ka-danna ce, babu insha'i a ciki. A Turancin WAEC insha'i kalma kusan 450 ne, maki 50: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 na ƙa'idojin rubutu. Ko da manhajar ta yi aikinta daidai, kashi ɗaya cikin biyar ta taɓa, kuma a ɗakin jarrabawa ba ta tare da yaron.

Malama Saratu, Mabera:

Na gode ƙwarai Baba Malam, Injiniya, Anti Dakta. Allah ya ƙara girma. Abu ɗaya ya rage mani. Wasu iyayen za su ce to yaran nan yaushe za su taɓa kwamfuta, tunda JAMB na jiransu, kuma gaskiyarsu ne. In na ce kada a sayi komai na lantarki za a ce na cika tsauri. Akwai tsaka-tsakin da zan kawo?

Injiniya Buhari, Gawon Nama:

Akwai, Malama, amma ki raba buƙatun biyu a gabansu, kada a cakuɗa. Koyon insha'i abu ɗaya, sabawa da kwamfuta wani abu.

Don JAMB abin da yaro ke buƙata shi ne madannai na gaske da linzami, domin su zai tarar a cibiyar jarrabawa, gilashin shafawa ba zai koya masa su ba. Laftof biyar na hannu masu ƙarfi, irin waɗanda ofisoshi suka yi amfani da su, sun fi waɗancan 20 amfani a nan, kuma kowane mai gyara a garin nan yana da batirinsu da madannansu. Kowanne yana cin wat 45 zuwa 65. Biyar na awa 3 bai kai wat-awa 1,000 ba, ƙaramin sola ya ɗauke su. A sa masu manhajar koyon bugu da ta gwajin JAMB waɗanda ba sa neman intanet, a cire masu duk wani abu. A aje su a ɗakin da iska ke ratsawa, a kan tebur, ba a kan tabarma ko katifa ba don kada hancin fankar ya toshe. Duk ƙarshen zango a hure masu ƙura. 'Yan aji 3 su fara, biyar-biyar, minti 30 bayan tashi, da rijistar suna da malami ɗaya da aka ɗora wa alhakin makulli. Zama shida ya ishi yaro ya daina tsoron linzami.

A haɗa da firinta ɗaya ta baƙi da fari mai amfani da hoda, kada a sayi mai tawadar ruwa, tana bushewa a zafin nan in ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba. Nan ne na'ura za ta yi wa darasinki aiki. Kowane mako ki zaɓi sakin layi uku daga zubi na biyu, masu su su buga da hannunsu da haruffa masu ƙugiya, a fitar a liƙa a allon sanarwa da sunayensu. Ki kuma buga sakin layi ɗaya mai kurakurai, babu suna, kofi 35, aji ya gyara shi biyu-biyu. Rim ɗaya takarda 500 ce, in an raba kowace biyu zai kai ki rabin zango a ajujuwa huɗun. Ki sa kuɗin takarda da hodar shekara guda a cikin lissafin tun yanzu, a ware shi a hannun ma'ajin ƙungiyar.

Malam Sidi, Kanwuri:

Na karɓi gyaran Dakta kan saƙon murya, haka abin yake. Ɗiyata, ranar zaman ki je da littattafai shida daga aji ɗaya, biyu na sama, biyu na tsakiya, biyu na ƙasa, ki rufe sunayen. Ki nemi zango ɗaya. A makon farko kowane yaro ya rubuta sakin layi a kan batu ɗaya cikin minti 20, a ɗaure takardun a ba shugaban ƙungiyar ya ajiye. A mako na 11 a sake ba su wani batu mai kama da shi, minti 20. Iyaye uku su zauna da malamin da ba ke ba, su ƙirga ayoyi da kurakuran rabawa a layi 10 na farko na takarda 30 da aka zaro ba zaɓe. Rabin kuɗin ya zauna a asusu har ranar.